Ranar da Malam Hammanjoda Ya Kira Suna

Mijin yayata Hajaratu, wato Malam Hammanjoda, irin mutumin nan ne da in ka ce masa ina kwana sai ya ba ka labarin shekarar da ya shiga makaranta. Ni Zulai shekara huɗu na yi a gidansu bayan rasuwar innarmu, don haka ba mai gaya min shi. Na san shi da yunwa, na san shi da ƙoshi, na san farar rigarsa ƙwaya ɗaya da yake wankewa da kansa, wai mu mata ba mu iya sa bula ba.

A nan Jalingo aka haife shi. Ubansa Bafillacen gari ne wanda ba shi da ko maraƙi, igiya yake tufkawa yana kai wa masu shanu kasuwa. Yana ɗan shekara takwas dogari ya kama shi a bakin rafi ya kai shi boko, don a lokacin kamawa ake yi, ba mai kai ɗansa da hannunsa. An ce uwarsa kwana uku tana kuka kamar an kai shi kushewa. Shi kuma har gobe cewa yake ranar ce Allah ya buɗe masa ido. Ni dai ban ga abin da idon ya gani ba.

Makarantar ana ce mata Bakin Mayo, saboda tana gab da rafi, a kan hanyar Nukkai. Aji biyu ne na ƙasa da jinka, da ɗan lambu, da ɗakuna biyu na malamai a baya. Ya yi shekara huɗu a ciki, ya zauna jarrabawar zuwa makarantar Midil ta Yola ya faɗi, ya sake zama ya sake faɗuwa. Abokansa suka wuce, shi ya tsaya. Aka ba shi manita, aka ba shi buga ƙararrawa, aka ba shi ban ruwan lambu, daga baya da aka rasa malami aka ce ya riƙe aji ɗaya kafin a samu. Shekara goma sha tara ana samu. Ba shi da satifiket ko na rantsuwa. Daga gindin allo zuwa ƙofar ɗakinsa taki talatin ne, kuma iyakar duniyarsa ke nan. Ni ma na yi shekara biyu a ajinsa, shi ya koya min wannan rubutun da nake zaginsa da shi.

To, shekarar da kowa ya ishe mu da zancen mulkin kai, Baturen makaranta ya zo daga Yola da damina. Ya shiga aji ɗaya ya ƙirga yara ya samu tara, biyu daga ciki ma ruwa ne ya koro su suka fake. Ya ce zai dawo bayan kaka. In bai tarar da sababbin yara talatin ba, za a rufe Bakin Mayo a haɗe ta da babbar makarantar cikin gari. Hedimasta bai damu ba, yana da takardarsa, duk inda aka kai shi malami ne. Namu kuwa in an rufe shi ke nan, ba aiki, ba ɗaki. Gidan ubansa ya rushe tun da daɗewa har an shuka kuɓewa a wurin. Ga Adda Hajaratu da ciki wata biyar.

Adda ta ce masa, “Malam, ka je wurin masu unguwa ka durƙusa, su ba da dogari. Yadda aka kawo ka haka za a kawo su.”

Ya ce a'a, wancan zamani ya wuce. Wai wani baƙo ya ba shi labari a Yola tsofaffin 'yan Midil sun kafa jam'iyya, suna taruwa suna tuna da, suna yi wa makarantarsu aiki. Shi ma haka zai yi.

“Zulai, mutum ba ya manta inda ya fara riƙe fensir. In na tara su na tuna musu, zuciyarsu za ta yi laushi, kowa zai kamo hannun ɗansa ya kawo.”

Na ce, “In sun tuna bulalar fa?”

“Har ita suke kewa.”

“Kai ne kake kewarta, Malam, don yanzu a hannunka take.”

Ya ce wa Adda ta yi min magana. Adda ta ce ƙanwar mata ce, ya yi haƙuri da abarsa.

Ya zauna ya rubuta wasiƙa arba'in da hannunsa, ko wace ya fara ta da “Ya ɗan'uwana a alli da allo.” Ya bi gida gida yana rabawa. Akwai Manga direba, mai jan lori tsakanin Jalingo da Mutum Biyu. Akwai Hadi tela. Akwai malamin asibiti, da malamin dabbobi, da 'yan akawu biyu ko uku. Amma babban kifin da yake so shi ne Malam Njidda, babban akawu a ofishin En'e, wato hukumar sarki. Duk wata takarda da ta shafi makaranta ta kan teburinsa take bi. Ajinsu ɗaya da Hammanjoda, benci ɗaya ma.

Dole in tsaya in faɗi labarin Malam Njidda, don in ban faɗa ba ba za a gane irin ɓarnar ba. Lokacin da Turawa suka ce manya su ba da 'ya'yansu boko, wani Jauro, wato mai unguwa, yana da ɗa sunansa Njidda. Ya ɗauke shi ya tura ruga bayan duwatsu. Ya kamo ɗan matar da take yi musu daka a gida, ya zura masa rigar Njidda, ya miƙa wa dogari ya ce ga ɗana. Aka rubuta Njidda Jauro a rajista. Ba shi kaɗai ya yi haka ba, gidaje da yawa sun yi. Sai yaron ya zo da ƙwaƙwalwa, ya wuce Yola, ya dawo da takarda da keke mai fitila. Jauro ya rasu, mai daka ta rasu, Njidda na ainihi yana can bayan shanu har yau, ko alif na boko bai sani ba. Shi kuma wannan ya auri 'yar Modibbo Abbo, babban malami na tsohon gida, a matsayin ɗan Jauro.

Kowa ya san wannan a Jalingo. Ni ma da aka haifa daga baya na sani, a bakin rijiya na ji. Modibbo Abbo ma ya sani, ai ba kurma ba ne. Amma manyanmu in ba a faɗi abu a gaban jama'a ba, to a wurinsu bai faru ba. Shekara talatin garin nan yana riƙe da bakinsa.

Kuma Modibbo Abbo ɗin ne Hammanjoda ya je ya gayyato ya zama babban baƙo, ya buɗe taro da addu'a ya rufe da addu'a.

Sati biyu ba mu huta ba. Ya fito da tsofaffin bencuna daga inda aka jibge su, ya hana a gyara, wai a bar su yadda suke. Ya sauke sabuwar ƙararrawa ya rataya tsohon ƙarfen wilin mota da suke bugawa a da. Ya nemo tsohuwar rajista, gara ta cinye gefenta, ya riƙa shafa ta kamar jaririya. Sannan ya zo kan abinci. Wai a zamaninsu akwai wata Inna Furera da take dafa wa yaran ƙauye, to irin nata yake so, tuwon dawa mai tsaki da miyar kuka.

Muka yi gwaji ni da Adda. Ya ɗanɗana ya ɓata fuska.

“Wa ya sa daddawa?”

“Ni.”

“Inna Furera ba ta sa daddawa. Ba ta sa mai. Ƙara ruwa.”

Na ƙara.

“Har yanzu ta yi daɗi da yawa.”

Na ce, “Malam, in kawo maka ruwan wanke-wanke kawai mu huta.”

Bai ji haushi ba, tsayawa ya yi yana tunani, wallahi kamar zai ce e.

Na tambaye shi ni ina tawa wasiƙar, tun da ni ma tsohuwar 'yar Bakin Mayo ce. Ya ce shekara biyu kawai na yi. Na ce Manga direba shekara nawa ya yi? Ya ce ɗaya da rabi, amma Manga namiji ne. Ya ce mu mata namu taimakon shi ne tukunya. Shi ya sa na ga komai, don a bakin taga na tsaya da ludayi a hannu.

Ranar Lahadi ce da hantsi, ofis a rufe. Cikin arba'in mutum goma sha tara suka zo. Ya buga ƙarfen nan, ya sa su layi a fili, ya ce sai an yi fareti kafin a shiga aji. Ku zo ku ga manyan mutane da manyan riguna da tumbi suna lef-rai, lef-rai, malamin dabbobi yana taka rigar na gabansa. Matan unguwa suka leƙo ta kan danga suna guɗa ta iya shege. Modibbo Abbo kaɗai aka sa wa kujera a inuwa, yana jan carbi yana kallon sama.

Aka shiga aji. Ya zaunar da su a bencin yara, gwiwarsu a haɓarsu. Ya ce kowa ya koma inda yake zama a da. Malam Njidda ya je ya zauna a layin gaba ta gefen taga, kusa da ni har ina jin turarensa. Modibbo aka shigo da kujerarsa gefen allo, ya yi addu'a.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya fara ci. Ni kaina na yi mamaki. Hadi tela ya leƙa ƙarƙashin benci ya ga inda ya sassaƙa sunansa da ƙusa, ya yi ihu kamar ya tsinci ɗan'uwansa da ya ɓata. Aka sa su karanta biyu sau biyu da irin waƙar da, suka ɗauka gaba ɗaya, har da masu buga benci. Malamin asibiti ya cire hula yana share ido da ita. Ƙato da gemu, a kan biyu sau biyu.

Muka shigo da tuwo. Masu ofis ba wanda ya taɓa, ina za su ci abinci a bainar jama'a, ga kuma Modibbo zaune, ga surukinsa. Suka yi godiya da Fillanci, useko, useko, suka ce sun ƙoshi. Manga ne ya sa hannu, ya kai loma ɗaya, ya runtse ido.

“Kai! Wallahi ita ce. Malam, ina ka tono Inna Furera? Har cikina ya tuna, ya fara murɗawa.”

Aka yi dariya har da Malam Njidda. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

A nan Hammanjoda ya faɗi abin da ya tara su. Ya ce Bature ya ba da wa'adi, uwarsu za ta mutu in ba su tashi ba, uwar wai makaranta. Manga ya ce yana da uku a gida suna cinye masa abinci, a ɗauka duka. Hadi ya ce biyu. Malamin dabbobi ya ce ɗansa da ɗan ƙanensa. Hammanjoda yana rubutawa a allo, har aka kai goma sha bakwai. Sai Malam Njidda ya miƙe, ya gyara riga, ya ce shi zai kawo ɗansa Musa da kansa, sauran kuma a bar masa, zai yi magana da masu unguwa. Aka tafa.

Shi ke nan fa. An gama. Aiki ya tsaya, ɗaki ya tsaya. Adda tana bayana ta riƙe ciki tana cewa alhamdulillahi. Da mai hankali ne sai ya ce Modibbo a shafa mana fatiha, kowa ya kama gabansa. Amma daɗi ya riga ya hau masa kai. Ya ce saura abu ɗaya, mafi daɗin duka. Ya buɗe tsohuwar rajista, zai kira suna, kuma duk wanda ya amsa zai ba da ɗan labarinsa na da.

Ya kira Hadi, ya ba da labarin yadda ya yi fitsari a wando ranar da ya fara ganin Bature. Aka yi dariya, Hadi ya yi ta dole. Ya kira Manga, ya ce shi ne ya gudu sau bakwai, na ƙarshe a cikin rumbun wata tsohuwa aka zaƙulo shi. Manga ya ce sau tara ne, a gyara rajista. Ni tun daga nan na san za a yi ɓarna, don na ga yatsansa yana gangarowa zuwa sunan Malam Njidda.

“Njidda Jauro!”

“Ga ni, Malam.”

Hammanjoda ya rufe rajista a kan yatsansa, ya yi murmushi har kunne.

“Kun ji? Kira ɗaya ya amsa. Ranar da aka kawo shi kuwa, sau uku malaminmu yana kiran Njidda, shi yana kallon ƙofa yana jiran Njidda ya shigo.”

Ba wanda ya yi dariya. Bai lura ba.

“Ni aka zaunar kusa da shi, nan wurin, aka ce duk sanda aka kira sunan in mintsine shi. Wata guda cur ina mintsininsa kafin ya saba. Cinyarsa duk ta yi baƙi. Rigar da aka sa masa har ƙasa take ja, ai ba tasa ba ce, ta mai sunan ce. Ka tuna, ɗan'uwana?”

Hedimasta ya yi gyaran murya. Hadi ya ce, “Malam, rana ta yi.” Ina! Idonsa ya riga ya kawo ruwa.

“Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, in ta gama dakan gidan Jauro sai ta zo bayan dangan can ta tsaya, da ɗan ƙanzo a ƙulle a bakin zane, hannunta duk ya yi kanta saboda taɓarya. Ba ta iya cewa Njidda. Da wancan sunan take kiransa, a hankali, don kar malam ya ji. Me ma sunan? Yana bakina. Manga, tuna min.”

Manga da bakinsa ba ya rufuwa ko a gidan makoki, ya sunkuya yana kallon kwanon tuwo kamar yau ya fara ganin kwano.

“To, ba komai, zai faɗo min. Abin da nake so ku gani shi ne, wace makaranta ce a ƙasarmu ta Muri za ta ɗauki ɗan mai daka ta mai da shi babban akawu, har ya zama surukin Modibbo? Bakin Mayo ce kaɗai!”

Ya tafa. Shi kaɗai. Tafi uku ya yi ya tsaya.

Ina tsaye ina kallon ƙeyar Malam Njidda. Bai motsa ba, gumi ne kawai yake gangarowa daga ƙarƙashin hularsa yana shiga wuyan riga. Modibbo Abbo ya naɗe carbinsa ya sa aljihu, ya laluba takalmansa da ƙafa, ya ɗauki sandarsa. Bai kalli kowa ba. Hammanjoda ya ce, “Allah gafarta Malam, addu'ar rufewa.” Modibbo ya ce, “Ai ka rufe,” ya fita.

Sai da ya yi nisa sannan Malam Njidda ya miƙe. Da ƙyar ya zare gwiwarsa daga bencin. Ya ce, “Mun gode, Malam Hammanjoda. Ka tuna mana.” Murya lafiya lau. Ya fita ya kama kekensa, bai hau ba, turawa ya yi ta yi har ya sha kwana. Sauran suka fara zamewa ɗaya ɗaya, wannan zai kama ruwa, wancan ya bar baƙo a gida. Kafin a ce haka aji ya koma daga mu sai Manga sai tukunyar miya.

Mutumin nan ya juyo ya kalle ni fuska tana sheƙi.

“Kin gani, Zulai? Ya taɓa masa zuciya. Har ya kasa magana.”

Na ce, “Malam, ashe Turawan Yola sun san abin da suke yi da suka kayar da kai sau biyu.”

Adda ba ta tsawata min ba. Ta zauna a dokin ƙofa ta ce, “Ka kashe mu.” Ya ce ita mace ce, ba ta san zumuncin benci ba. Manga ya suɗe hannunsa ya ce, “Hamma, ni kam birki ya taɓa tsinke min a gangaren dutse, amma ban ji tsoro kamar na yau ba.” Ya tashi ya tafi shi ma.

Kwana biyu Adda tana fama da shi kafin ya yarda wai ƙila akwai ɗan kuskure. Ta tura shi ya je ya ba da haƙuri. Sau uku yana zuwa ƙofar gidan Malam Njidda, ana ce masa maigida yana barci. Na huɗu ya rubuta wasiƙa shafi biyu, na karanta kafin ya liƙe. A ciki ya sake maimaita labarin tun daga farko, wai don ya nuna da kyakkyawar niyya ya faɗa, har ya ƙara da cewa sunan ya faɗo masa, ya rubuta shi. Na yaga ta na sa a murhu, na ce masa akuya ta ci. A gari kuwa matar Malam Njidda ta koma gidan ubanta, wai jinyar innarta take yi, alhali innar tana kasuwa kullum tana sayen nono. Wata guda ta yi kafin manya su sa baki ta dawo. Maganar da aka binne shekara talatin ta zama ta bakin rijiya da tasha, har 'yan kamasho suna mintsinin juna suna cewa ga ni, Malam.

Cikin goma sha bakwai ɗin da aka rubuta a allo, na Manga uku ne kaɗai suka zo. Sauran ba wanda yake so a gan shi yana shiga Bakin Mayo. Hammanjoda ya hana a goge allon, kullum da safe ya tsaya a ƙofa yana kallon hanya. Kaka ta wuce, Adda ta haihu, namiji. Ranar suna mutum shida ne suka zo.

Saura kwana biyar Bature ya iso, sai ga dogarai huɗu da hantsi sun koro yara kamar awaki. Daga Nukkai, daga gonakin bayan rafi, 'ya'yan manoma da 'ya'yan masu itace, wasu ko Hausa ba sa ji, uwayensu na biye suna kururuwa. Kwana biyu aka yi ana kawowa, aka samu talatin da huɗu. Babban dogari ya ce daga ofis aka ba da umarni. Musa ɗan Malam Njidda ba ya ciki, an kai shi makarantar cikin gari.

Hammanjoda ya shigo gida yana rawa, rawa ta gaske, da farar rigarsa. “Na gaya muku! Ɗan'uwana bai manta ba!” Bature ya zo ya ƙirga, ya gyaɗa kai, ya rubuta a littafinsa, ya ce makaranta ta tsaya.

Bayan sati guda masinja ya kawo takarda. Tun da aji ɗaya ya cika, wai ya kamata a ba shi malami mai satifiket, an turo wani daga Yola, kuma shi zai shiga ɗakin. Malam Hammanjoda an gode masa, an mai da shi mai kula da lambu a wata makarantar ƙauye gaba da Mutum Biyu. A bar ɗaki cikin kwana bakwai. A ƙasa an sa hannu, rubutu mai kyau tsaf. Ya daɗe yana kallon sa hannun. Ya ce tun suna yara Njidda ya fi kowa iya rubutu. Daga nan ya shiga ɗaki, bai fito cin tuwo ba.

Adda ko wankan jego ba ta gama ba. Muka kwashe ta da jariri muka kai gidan goggonmu Saratu a Nukkai, ɗaki ɗaya mu huɗu da kajinta. Shi kuma Hammanjoda, Manga ya ɗora masa kaya a bayan lori, gado da akwati da tabarma biyu, ya ce ya shiga gaba. Ya ƙi, ya hau saman kaya, wai yana so ya ga makarantar har ta ɓace. Sabon malamin yana tsaye yana jira a tashi, ya riga ya sa an watsar da duwatsun murhunmu waje. Mota ta tashi, Hammanjoda ya leƙo ya ɗaga murya.

“Zulai! Talatin da huɗu fa! Ki gaya wa Addarki taron ya yi aiki!”

Ban gaya mata ba.

Da ta yi arba'in ta fara ɗaure kaya. Goggo ta ce ta zauna sai an ga yadda wurin yake, don Manga ya ce bukka ce aka ba Hammanjoda, rijiya kuma sai an yi tafiya. Ni na ce ta bari ya yi shekara yana ba kabeji labari tukuna. Ta ƙi. Ta ce in shirya mu tafi tare, na ce ƙafata ba za ta taka lorin nan ba, na samu wuri a tasha zan riƙa sayar da kunun gyaɗa. Na raka ta har mota, na riƙe mata jariri ta hau, na miƙa mata shi. Ta ce, “Zulai, mijina ne.” Na ce na sani, ai a gabana aka ɗaura.